DARASI NA 9: BASAMARIYE DA MAI MASAUKI (Aikin Jinya da Riƙon Marayu)

Karatu: Luka 10:25-37, Maimaitawar Shari'a 24:19-22, Yakubu 1:27.
Ayar haddacewa: Yakubu 1:27.
Ga mai koyarwa: A sa mutum uku su karanta wuraren nan da murya kafin a fara. Idan akwai ungozoma ko malamin asibiti a cikin taron, a ba shi zarafi ya yi magana a kashi na 4.

GABATARWA

Ikilisiyoyi da yawa a ƙasarmu sun taɓa ganin wannan abu. Wata rana mota ta tsaya a ƙofar majami'a, likitoci da ma'aikatan jinya su sauko, waɗansu daga birni, waɗansu kuwa daga ƙasashen ƙetare. Sun bar aikinsu na albashi, sun biya kuɗin tafiya daga aljihunsu, domin su yi wa Ubangiji hidima. Su kwana 5, ko su yi mako 2, suna duba marasa lafiya, suna cire yanar ido, suna rarraba magani, su kai ziyara gidan marayu, kana su yi sallama su koma. Muna gode wa Allah saboda irin mutanen nan, kada kuwa kowa ya raina aikinsu.

Amma akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu. Ranar da motar ta tashi, wa ya ke sake ɗaure gyambon da likita ya wanke? Tsohon da aka ba shi maganin hawan jini na wata guda, wa zai tuna da shi a wata na biyu? Jaririn da uwarsa ta rasu wurin haihuwa, wa zai tashi da tsakar dare ya ba shi abinci? A cikin misalin da Ubangijinmu Yesu ya ba da akwai wani mutum wanda ba mu cika lura da shi ba, shi ne kuwa amsar tambayar nan. A kansa za mu yi nazari yau.

1. HANYAR YARIKO

Daga Urushalima zuwa Yariko tafiyar wajen mil 17 ce, gangara ce kuma ta fiye da ƙafa 3,000, tana ratsa duwatsu da hamada inda mafasa su ke samun wurin ɓuya. Masu jin Yesu sun san hanyar sarai. A nan ne aka yi wa wani mutum fashi, aka tuɓe shi, aka yi masa dūka, aka bar shi tsakanin rai da mutuwa. Firist ya zo ya ratse, Balawi ma haka. Na ukun Basamariye ne, daga kabilar da Yahudawa ba su cuɗanya da ita.

Sai mu lura da abin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Ya ga mutumin, tausayi ya kama shi, ya matsa kusa. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure su. Ya ɗora shi bisa dabbarsa, watau shi kansa ya tafi a ƙasa. Ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Kashegari ya fitar da dinari 2, ya ba mai masaukin, ya danƙa masa majinyacin, ya kuma yi alkawarin biyan abin da ya ƙaru sa'ad da ya komo. Dinari ɗaya shi ne ladan ma'aikaci na yini guda, kamar yadda mu ke gani cikin Matiyu 20.

Mai da ruwan inabi ba kayan likita ba ne, guzurin matafiyi ne. Bai ce tun da shi ke ba shi da kayan aiki, babu abin da zai iya yi ba. Bai kuma tambayi kabilar mutumin ko addininsa ba. Gama wanda aka tuɓe, ba ya kuwa iya magana, babu abin da ya rage da za a san shi da shi sai raunukansa. Luka wanda ya rubuta mana labarin nan likita ne, bisa ga shaidar Bulus cikin Kolosiyawa 4:14, shi kaɗai ne kuma ya rubuta shi cikin masu bishara huɗu.

2. ABIN DA JINƘAI YA KE CI

Basamariyen ya tsaya a wurin da mafasa ba su daɗe da barinsa ba. Jinƙai na gaskiya yana da hatsari, tarihin ƙasarmu kuwa ya shaida haka.

A watan Janairu 1969, wata ma'aikaciyar jinya ta mishan mai suna Laura Wine ta kamu da wani zazzaɓi mai tsanani a garin Lassa, wanda ya ke cikin Jihar Borno yanzu. Aka ɗauko ta a jirgin sama zuwa asibitin mishan na Jos, wanda mutanen gari su ke kira Jankwano, a can ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ta kamu, ita ma ta rasu. Ta ukun, Lily Pinneo, wadda ta yi jinyar su biyun, ta kwanta. Aka kai ta Amurka, ta sha wuya ƙwarai, amma ta warke. Daga jinin waɗannan mata ne masana suka gane sabuwar cutar da mu ke kira zazzaɓin Lassa. Daga baya aka gano cewa wani irin ɓera ne ya ke ɗauke da ita.

A farkon 1970 cutar ta sake ɓarkewa a Jos. Likita Jeanette Troup, wadda ta ga mutuwar abokan aikinta, ta san hatsarin sarai, duk da haka ta ci gaba da aiki. Ta yanke yatsarta sa'ad da ta ke binciken gawar wani da cutar ta kashe, ta rasu a watan Fabrairu na shekarar. Cikin waɗanda suka kamu a lokacin har da ma'aikatan asibiti 'yan ƙasa, masu share ɗaki da wanke majinyata, waɗanda Allah ya san sunayensu. Lily Pinneo kuwa, bayan ta warke, ta komo Nijeriya ta ci gaba da aikinta.

Mun kawo labarin nan domin kada wani ya ɗauki aikin sa kai kamar yawon shan iska. Har wa yau yana koya mana cewa wanke hannu da sabulu, da sa safar hannu, da rufe hatsi domin ɓera, ba rashin bangaskiya ba ne. Mai jinyar da ya tsare kansa ya tsare majinyatan da za su bukace shi gobe.

3. MAI MASAUKI

Yanzu mu komo ga mutumin da muka ambata da fari. Basamariyen matafiyi ne, yana da inda za shi. Dare ɗaya kaɗai ya kwana. Wanda aka yi wa irin wannan dūka kuwa ba ya warkewa cikin dare ɗaya. Wa ya sāke ɗaurin raunukan a rana ta uku da ta bakwai? Wa ya dama masa kunu, ya tallafi kansa ya sha? Wa ya riƙe shi ranar da ya fara taka ƙasa? Mai masaukin ne da mutanen gidansa. Da ba a same shi ba, da man nan da ruwan inabin nan sun tafi a banza.

Mu da mu ke aikin juya Littafi zuwa harsunan ƙasa mun lura da wani abu a nan wanda ba ya fitowa sosai a fassara. Cikin Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalmar da aka yi amfani da ita domin jinyar da Basamariyen ya yi a aya ta 34, ita ce kuma ya faɗa wa mai masauki a aya ta 35. Watau aiki ɗaya ne, ya fita daga hannu ya shiga wani hannu. Kalmar nan, epimeleomai, ba ta sake fitowa cikin Sabon Alkawari duka ba sai a wuri ɗaya, cikin 1 Timoti 3:5, inda Bulus ya ke magana a kan yadda shugaba zai kula da ikilisiyar Allah. Kalmar da aka juya "masauki" kuma, asalin ma'anarta wurin da ya ke karɓar kowa da kowa.

Ba mu so mu ɗora wa misalin abin da Ubangiji bai nufa ba. Babban nufinsa shi ne ya nuna wa masanin Shari'a wanene maƙwabci. Amma ba kuskure ba ne mu ga hoton kanmu a nan. Kaɗan ne cikinmu za su zama likitoci. Dukanmu kuwa muna da gida, muna da tukunya, muna nan kuma bayan baƙi sun tafi. Hausawa su kan ce, baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Likitan sa kai raɓa ne mai albarka, amma hantsi yana yi ta bushe. Ikilisiyar da ta ke zaune a garin, ita ce mai masauki.

Mun taɓa ganin abin da ya kan faru in babu mai masauki. A wani ƙauye, baƙi suka zo da kyakkyawar niyya, suka auna mutane, suka ba masu hawan jini ƙwayoyi na 'yan makonni. Ba su bar takarda ba, ba su kuma gana da malamin ɗakin magani na garin ba. Da ƙwayoyin suka ƙare, mutane suka zaci sun warke. Waɗansu kuma suka daina zuwa wurin malamin nasu, suna jiran baƙi su komo. Laifin ba na baƙin kaɗai ba ne. Mu da muka marabce su ba mu tambaye su abin da za mu yi bayansu ba.

4. LIKITOCI BIYU DA SUKA NEMI MAI MASAUKI

Ga misali biyu na likitocin da suka gane wannan.

A shekara ta 1956 wani likitan yara daga Ingila mai suna David Morley ya zo aiki a asibitin mishan na Methodist a Ilesha, ƙasar Yarabawa. Ya ga iyaye suna kawo yara sa'ad da ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu. Sai shi da wata ma'aikaciyar jinya, Margaret Woodland, suka shiga bin lafiyar yaran wani ƙauye mai suna Imesi-Ile tun daga haihuwa. Suka tarar abubuwan da su ke kashe yara ba baƙin cututtuka ba ne: ƙyanda ce, da zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da ciwon huhu, da tarin shiƙa, da rashin abinci mai gina jiki. Sai aka buɗe ɗakin duba yara 'yan ƙasa da shekara 5, aka koya wa 'yan matan ƙasar su riƙa gudanar da shi kowace rana. Aka kuma yi wani kati inda a ke zana nauyin yaro wata-wata. Katin nan ba a ajiye shi a asibiti ba, a hannun uwa aka sa shi, domin ita da kanta ta gani in nauyin ɗanta ya tsaya. Mutuwar yara ta ragu ƙwarai a ƙauyen. Morley ya koma Ingila bayan 'yan shekaru, amma katin ya bazu cikin ƙasashe masu yawa. Katin awo da matanmu su ke kai wa asibiti, daga irin wannan aiki ya samo asali.

Na biyun ya faru a Indiya a 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangladesh. Dubban 'yan gudun hijira suka taru a sansani, cutar amai da gudawa ta faɗa musu. Wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya ga ruwan da a ke ƙara wa majinyata ta jijiya ya kusa ƙarewa, ma'aikata kuma ba su isa ba. Sai ya sa aka haɗa gishiri da sukari cikin manyan durom na ruwa, ya ce wa dangin majinyata su riƙa ba su da kofi. A wurin da wajen mutum 30 cikin 100 su ke mutuwa, adadin ya sauko ƙasa da 4 cikin 100. Iyaye da 'yan'uwa ne suka yi jinyar.

Wannan shi ne mai da ruwan inabi na zamaninmu, ya kamata kuwa kowane mai bi ya san shi. In yaro yana gudawa, abin da ya ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne. Abu mafi kyau shi ne ƙullin gishiri da sukari da a ke samu a asibiti da kantin magani, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikinsa. In babu shi, a samo lita 1 ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari ƙaramin cokali 6, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. Gishirin da ya yi yawa yana cutarwa. A riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan, kada a hana shi nono ko abinci. In ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko jikinsa ya saki, ko aka ga jini cikin bayan gida, a kai shi asibiti nan da nan.

5. MARAYA CIKIN SHARI'AR ALLAH

Abin da muka faɗa game da majinyaci ya fi ƙarfi game da maraya. Rauni ya kan warke cikin makonni, amma renon yaro aikin shekaru ne.

Mu duba yadda Allah ya shirya wa marayu cikin Isra'ila. Ya umarci manomi kada ya koma ya ɗauki damin da ya manta a gona, kada kuma ya kakkaɓe itacen zaitun sau biyu, ko ya yi kalar gonar inabinsa. Abin da ya rage rabon baƙo ne da maraya da gwauruwa. Cikin Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ya ce a tara zakar shekara ta uku a cikin gari domin su. Cikin Karin Magana 23:10-11 ya gargaɗi wanda zai ci iyakar gonar maraya, ya kuma nuna cewa shi da kansa zai tsaya wa yaron. Abin lura shi ne, cikin dukan dokokin nan marayan yana nan a cikin gari, tsakanin danginsa, gādon ubansa kuma yana jiransa. An ɗora nauyinsa a kan kowane mai gona.

Littafi ya kuma ba mu misalai. Esta ba ta da uwa ba ta da uba. Mordekai, ɗan'uwanta, ya ɗauke ta ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa. Mefiboshet ɗan Yonatan yana da shekara 5 sa'ad da ubansa ya mutu a yaƙi. Mai renonsa ta ɗauke shi a guje, ya fāɗi ya gurgunce. Da Dawuda ya kahu a sarauta, ya neme shi, ya mayar masa da gonakin kakansa Saul, ya kuma zaunar da shi a teburinsa kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki. Abu biyu ya ba shi, gādonsa da wurin zama cikin iyali.

Manzo Yakubu ya sa kula da marayu da gwauraye ya zama ma'aunin addini na gaskiya. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita tana nufin a je a duba mutum da ido domin a biya masa bukata. Ita ce kuma Ubangiji ya yi amfani da ita cikin Matiyu 25:36 game da mara lafiya. Zumunta a ƙafa ta ke. Ba a cika umarnin nan da aika saƙo daga nesa kaɗai.

6. GIDAN MARAYU DA GIDAN IYALI

Kada a ɗauka muna kushe gidajen marayu. Akwai lokacin da babu wata mafaka. A 1909 mishan ta SUM ta buɗe gida a Rumasha, kusa da kogin Binuwai, domin yaran da aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi. Yawancinsu an raba su da garuruwansu tun suna ƙanana, babu wanda ya san danginsu. Daga baya aka ƙaura da gidan zuwa Wukari, da bukatarsa ta wuce kuma aka rufe shi. A zamaninmu ma, rikice-rikicen da suka auku a Jos tun daga 2001, da yaƙin Boko Haram da ya fara a 2009, sun bar yara da yawa babu iyaye, Kirista da Musulmi. Waɗanda suka buɗe ƙofa suka karɓe su sun yi aikin Allah.

Amma akwai abin da aka koya wanda ya wajaba mu sani. Bayan faɗuwar mulkin Ceausescu a ƙasar Romaniya a 1989, aka tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen gwamnati. Daga shekara ta 2000 masana suka bi rayuwar yara 136 na irin gidajen nan a birnin Bukarest. Aka sa rabinsu a hannun iyalai masu riƙo, sauran suka ci gaba da zama inda su ke. Waɗanda suka shiga iyali suka fi sauran girman jiki, da iya magana, da kaifin hankali, da sakin jiki da mutane. Waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara 2 su ne suka fi amfana. Dalilin a fili ya ke. Jariri yana bukatar fuska ɗaya wadda zai sani, wadda za ta amsa kukansa yau da gobe. Ma'aikaciya ɗaya mai yara da yawa, wadda ta kan tashi aiki wata ta karɓa, ba ta iya ba shi wannan, kome kirkinta. Saboda haka ƙa'idodin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓa a 2009 suka ce yara ƙanana, musamman 'yan ƙasa da shekara 3, a cikin iyali ya kamata a rene su. Bincike a ƙasashe da dama ya kuma nuna cewa mafi yawan yaran da su ke gidajen marayu suna da uwa ko uba da rai. Talauci ne ya kai su can.

Wannan gargaɗi ne ga masu ziyarar sa kai. Yaron da baƙo ya rungume shi mako guda, ya saba da shi, kana baƙon ya tafi, wani ya zo ya tafi, ana sabunta masa maraicinsa ne. Gara baƙo ya ƙarfafa hannun masu renon da su ke zaune da yaran. Mary Slessor, wadda ta sauka Kalaba a 1876 ta kuma rasu a ƙasar a 1915, ta ceci tagwayen da a ke yarwa. Waɗansu ta riƙe su a ɗakinta har suka girma suna kiranta uwa. Ta iya yin haka domin ta zauna.

Gargaɗi ne kuma gare mu. Al'adar riƙo tana nan a cikinmu tun kakanni, abu ne mai kyau kuwa. Amma mu faɗi gaskiya a gaban Allah. A gidaje nawa ne ɗan riƙo shi ne mai ɗebo ruwa da talla, 'ya'yan gida kuwa suna makaranta? Baffanni nawa ne suka riƙe gonar maraya, da ya girma suka ce ba su san zancen ba? Gwauraye nawa aka kwashe wa kaya tun ba a share makoki ba? Idan irin wannan yana cikin ikilisiya, mun zama mafasan hanyar Yariko, ko da muna raira waƙa ran Lahadi.

7. ABIN DA ZA MU YI

Sa'ad da gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima domin ana manta da waɗansu gwauraye wurin rabon abinci, manzanni suka sa aka zaɓi mutum 7 aka danƙa musu aikin (Ayyukan Manzanni 6). Jinƙai yana bukatar tsari. Ga shawarwari:

(a) Dattawa da zumuntar mata su zaɓi amintattu biyu ko uku, su rubuta sunan kowane maraya da gwauruwa da mai doguwar jinya a unguwa, ba na ikilisiya kaɗai ba. A riƙe littafin da asiri, kada a kunyata kowa.

(b) A taimaki gidan da ya ke riƙon yaro: mudun hatsi lokacin kaka, kuɗin makaranta, gayya a gonar gwauruwa. Sau da yawa taimako kaɗan ya isa ya hana uwa rabuwa da ɗanta.

(c) Jaririn da uwarsa ta rasu, a kai shi wurin ma'aikatan lafiya tun ranar fari domin shawara a kan shayarwa. Kunu ko madarar shanu ba su isa jariri sabon haihuwa ba. A tabbata an yi masa dukan alluran rigakafi, har da ta ƙyanda a wata na 9.

(d) Dattawa su shaida iyakar gona da kayan gādon maraya a rubuce, a gaban dangi da mai unguwa.

(e) In masu aikin sa kai za su zo, a haɗa su da ma'aikacin lafiya na garin tun kafin su iso. A roƙe su su bar takardar kowane majinyaci, su koya wa mutanenmu abin da za su iya ci gaba da shi, su kuma faɗi inda za a kai wanda ciwonsa ya tashi. Basamariyen ya bar kuɗi, ya bar umarni, ya kuma yi alkawarin komowa.

(f) Matasanmu da Allah ya ba su ilimin likita ko na jinya su tuna da ƙauyukan da suka fito. Ba lalle ne Basamariye ya zo daga ƙetaren teku ba.

Mai masaukin bai san ranar da matafiyin zai komo ba. Ya yi ta kashe abin hannunsa bisa ga maganar mutumin kaɗai. Haka mu ke. An danƙa mana raunana da marayu, an ba mu abin da zai ishe mu farawa, Ubangijinmu kuwa ya yi alkawari zai komo. A ranar nan zai tambaye mu labarin waɗanda ya bari a hannunmu.

TAMBAYOYI

1. Ku lissafta abubuwan da Basamariyen ya yi. Wanne ne ya fi wuya a gare ku?
2. Me zai faru da majinyacin da mai masauki ya karɓi kuɗin amma ya yi sakaci?
3. Don me Likita Morley ya sa katin awo a hannun uwa?
4. Wane abu biyu Dawuda ya ba Mefiboshet? Marayun garinmu suna samun su?
5. Yaya za mu gane ko ana riƙon yaro kamar ɗa ko kamar bawa? Wa ya kamata ya yi magana, ta wace hanya kuma?
6. Akwai wani a unguwarmu wanda mu ke ratsewa domin kabilarsa ko addininsa?

AIKIN MAKO

Kowane ɗaya ya ziyarci gida guda inda akwai maraya ko mai jinya kafin taro na gaba. Ku zauna, ku saurara, ku tambayi abin da su ke bukata. Mata su gwada haɗa ruwan gishiri da sukari tare, har kowace ta iya.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, Uban marayu, muna gode maka domin bayinka da suka bar gidajensu suka zo jinyar marasa lafiya, har waɗansu suka ba da ransu. Ka gafarta mana inda muka gani muka ratse, da inda muka ci haƙƙin maraya. Ka mai da gidajenmu su zama masauki, ka ba mu haƙurin jinya da aminci cikin abin da aka danƙa mana, har ranar da Ɗanka zai komo. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.